Marigayi Musa Ɗanƙwairo Maradun Da Abin Da Ya Saura Na Muryarsa

A shekarar 1991 ne Allah ya karɓi ran Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, bayan ya haura shekara 80 a duniya, fiye da 70 daga cikinsu kuwa a bakin kiɗa ya shafe su. Watau ke nan duk wanda aka haifa bayan wannan shekara bai taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ga wannan bawan Allah ya ɗaga murya, 'yan amshinsa sun karɓe ta tun ba ta sauka ba. Abin da ya sani game da Ɗanƙwairo na'ura ce ta gaya masa, ko rediyo, ko kaset, ko faifan CD, ko kuwa wayar hannu. To, ita na'ura takan faɗi gaskiya, takan kuma yi ƙarya, gwargwadon yawan hannuwan da waƙar ta biyo kafin ta iso kunne. Akwai samari da yawa da suke zaton sun ji Ɗanƙwairo, alhali inuwarsa kawai suka ji.

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu da ke kusa da Bakura wajen shekarar 1909, shekara 6 ke nan bayan Turawa sun ci Sakkwato. A wancan zamani Bakura da Maradun da Talatar Mafara duk ƙasar Lardin Sakkwato ce, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ɗan Jihar Sakkwato ne, domin sai a 1996 aka yanke Jihar Zamfara. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa Kaka Maiganga shi ma makaɗi ne, gidansu kuwa gidan makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun ne. Sunan da duniya ta san shi da shi ba na yanka ba ne. Cikin yaran Ɗankwanda akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da Musa ya fara buɗe baki aka ji muryarsa siririya mai kaifi ta yi kama da ta wancan, sai aka shiga ce masa Ɗanƙwairo, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Abin lura ne ƙwarai cewa makaɗin da ya zo ya yi wa Firimiya waƙa, sunan yaron gidan ubansa ya ɗauka, ba na wani shahararren jagora ba.

Tun yana ɗan shekara 6 ko 7 ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa, kuma makarantarsa ta fari gona ce. Kiɗan noma ba wasan yara ba ne. Ranar gayya makaɗi yakan bi manoma kunya bayan kunya cikin rana, yana zuga wannan, yana yi wa wancan gori, yana ambaton uban kowa da kakansa, domin kada gwiwar kowa ta yi sanyi kafin a tashi gonar. Babu rumfa, babu bango da zai dawo da sauti, babu lasifika. Muryar da ba ta keta iska ba ta mutu a wurin. A nan ne Musa ya koyi jefa murya nesa ba tare da ya yi ihu ba, a nan kuma ya koyi cewa waƙa don mutum ake yin ta, sai an ga jikinsa ya amsa sa'an nan a san ta yi.

Da Allah ya yi wa Ɗankwanda rasuwa, ragamar kiɗan gidan ta koma hannun wansa, Abdu Kurna, shi kuwa Musa aka ba shi Daudun kiɗi, watau mataimakin jagora kuma babba cikin masu karɓi. Ya daɗe a wannan matsayi, har mutanen ƙasar Maradun suka saba haɗa sunayen biyu wuri guda, Kurna da Ɗanƙwairo. Wani zai ga kamar jinkiri ne mutum mai irin wannan baiwa ya shekara da shekaru yana bayan wansa. Amma wanda ya saurari waƙoƙinsa na baya da kunnen basira zai gane cewa a nan ne ya tara jarinsa. Ya san amshi daga ciki. Ya san inda numfashin ɗan amshi yake ƙarewa, ya san kalmar da za a jefa masa ya cafe, da wadda za ta suɓuce masa. Shi ya sa da ya zama jagora bai mai da yaransa amsa-kuwwa ba.

Kotso Da Masu Karɓi

Abin kiɗansa kotso ne, irin wanda Ibrahim Narambaɗa na Isa da Sa'idu Faru suka yi suna da shi, saɓanin taushi na Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo, ko kalangu na Mamman Shata da Ɗan'anace. Kotso itace ne fafaffe mai tsukakken tsakiya, baki ɗaya ake rufe masa da fata, ɗayan a bar shi a buɗe. Akan liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fatar domin sautin ya yi zurfi, a rataya shi a kafaɗa, a kaɗa shi da hannu ba da makaɗi ba, ana matse igiyoyinsa ana saki domin muryarsa ta hau ko ta sauka. Kiɗan sarauta ne, ana danganta shi da sarakunan Fulani, kuma ba shi da hayaniya. Yana da wani gunji mai taushi a ƙasa, da wani ɗan kaifi na yatsu a sama, a tsakaninsu kuwa ya bar fili domin magana ta wuce.

A cikin wannan fili ne Ɗanƙwairo ya gina gidansa. Waƙar fada tana da gindi, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, tana kuma da ɗiya, inda jagora yake zuba yabo da kirari da tarihi da zambo. A wurin makaɗa da yawa aikin 'yan amshi shi ne su jira jagora ya gama su maimaita gindi. A wurin Ɗanƙwairo kuwa ba haka abin yake ba. Yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, yaransa su ƙarasa, ya sake ɗauka su sake karɓa, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo su kaɗai shi yana hutawa, sa'an nan ya faɗo a kansu daga sama da wannan siririyar murya kamar shaho. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun ba irin waɗannan dabaru sunaye kamar ƙari da karɓeɓeniya. Kowane suna aka ba su, abin da kunne yake ji shi ne muryoyin maza masu kauri sun haɗu sun zama ɗaya, murya guda mai kaifi tana yawo a bisansu, kotso yana riƙe da su duka. Wanda ya raba ɗayan ukun nan da sauran bai bar Ɗanƙwairo ba, ya bar wani abu dabam.

Ƙofar da ta fitar da shi daga ƙasar Maradun zuwa Arewa baki ɗaya Sardaunan Sakkwato ne, Alhaji Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Zamani ne na gwagwarmaya tsakanin jam'iyyar NPC da NEPU, kowace tana da mawaƙanta, kuma Sardauna, da yake ɗan sarauta ne tun kafin ya zama ɗan siyasa, ya san abin da makaɗin fada zai iya yi wa sunan mutum a ƙasar da yawancin jama'arta ba su karanta jarida. Ya nemi makaɗi daga wajen Sarkin Ƙayan Maradun, aka haɗa shi da Ɗanƙwairo. A lokacin Musa ba yaro ba ne, ya riga ya nuna. Waƙar da aka fi sani daga wannan haɗuwa ita ce Mai Dubun Nasara, wadda ta zo ta zama kamar suna na biyu ga Sardauna, har yau kuwa in an tashi tunawa da shi a gidajen rediyo da wuya a rasa jin ta.

Abin da ya sa waƙoƙin Sardauna suka zauna daram ba yawan zuga kaɗai ba ne. Ɗanƙwairo ya ɗauki ɗan siyasa na zamanin Turawa, mai ofis a Kaduna, mai hawa jirgin sama, ya mai da shi cikin salsalar kakanninsa. Ahmadu ɗan Ibrahim ne mai Rabah, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, shi kuma ɗan Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Irin wannan lissafi na iyaye da kakanni shi ne ƙashin bayan waƙar fada, kuma a wasu wurare ba labarin nesa ba ne. A ƙasar Boɗinga, inda Shehu ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, inda kuma ƙanensa Abdullahi ya yi zama a garin Boɗinga kansa, sunayen nan na mutanen da suka taka ƙasar ne. In makaɗi ya ambaci ɗaya ba a gurbinsa ba, dattijon da ke zaune a gindin bishiya zai sani.

Sa'a ta biyu da Ɗanƙwairo ya yi ita ce rediyo. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna, wanda daga baya, a 1978, ɓangaren rediyonsa ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Muryar gidan tana kaiwa har Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Makaɗin da a da sai wanda ya je fada ran salla ya ji shi, yanzu ga shi a shagon tela a Maraɗi, ga shi a zangon Kumasi. Narambaɗa bai ci wannan moriya sosai ba, domin ya rasu a farkon shekarun 1960, abin da aka samu aka ɗauka na muryarsa bai taka kara ya karya ba in an gwada da abin da ya rera a fadar Sarkin Gobir na Isa. Jankiɗi ya kai 1973, amma tsufa ya riga ya cim masa. Ɗanƙwairo kuwa na'urar ɗaukar magana ta same shi da ƙarfinsa, ta kuma bi shi har kusan shekara 30.

Ranar 15 ga watan Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna. Ga makaɗin fada mutuwar ubangida ba rashin mutum ɗaya ba ne, rushewar inuwa ce. Daɗin daɗawa, cikin 'yan shekarun da suka biyo baya gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1967 aka raba Jihar Arewa gida 6, a 1976 kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya ƙara rage ikon sarakuna. Fadar da Musa ya buɗe ido ya gani ba ita ce wadda ya tsufa a cikinta ba. Bai ajiye kotso ba. Ya riƙe Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, wanda ya yi wa waƙar nan da aka sani da Shirya Kayan Faɗa, ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, ya yi wa hakimai da 'ya'yan sarauta da attajirai a garuruwa da dama. Waɗansu suna ganin wannan yawo ya rage wa kiɗan fada kwarjini, tun da a da makaɗi na sarki ɗaya ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kuma da ya tsaya a ƙofa ɗaya, da rabin abin da ake saurare yau babu shi.

Akwai kuma zambo, wanda masu son gyara tarihin makaɗa sukan so su tsallake. Ɗanƙwairo gwani ne a nan, kuma ba shi da sauƙi. Yabon sarki a waƙar fada ba ya cika sai an kwatanta shi da wanda ya nemi sarautar bai samu ba, a siffanta tafiyarsa, da rawaninsa, da rowarsa, ba a kama suna ba amma kowa a garin ya san da wa ake. Akwai gidajen da suka sha wannan ɗaci suna ji suna gani. Ba dole ne mai sauraro na yau ya yarda da duk abin da aka faɗa a kan mutanen da ba su da bakin ramawa ba. Amma zambon yana cikin ginin waƙar, kuma a nan ne hikimar harshensa ta fi fitowa. Waƙar Ɗanƙwairo da aka yanke wa zambo kamar miya ce da aka hana wa yaji.

Yadda Muryar Ta Iso Yau

Faifan garmaho na dā, mai juyi 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe, alhali waƙar fada ɗaya takan ci minti 10 ko 20 ko fiye. Babban faifai mai juyi 33 ya fi shi haƙuri, yakan kai kamar minti 20 a gefe. Gidajen rediyo kuwa da tef mai manyan ƙafafu suke aiki, wanda yake gudun santimita 19 ko 38 a daƙiƙa, kuma da yake gudun tef shi ne yalwar wurin da sauti yake kwanciya, abin da aka ɗauka da shi ya fi kowane tsabta. Sai kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, mai gudun da bai kai santimita 5 a daƙiƙa ba. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975 suka cika kasuwannin Arewa da rediyo mai rikoda, zuwa zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, kaset ya zama sarki. Motar haya da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, kaset ne abokin hirar direbanta.

Kaset ya yi wa Ɗanƙwairo alheri, ya kuma yi masa ta'adi. Ya kai shi inda rediyo ba ta sa shi sai ran da ta ga dama. Amma kaset ba ya haihuwar ɗa kamarsa. Duk sa'ad da aka kwafa daga wani zuwa wani, sai shuuu ɗin tef ya ƙaru, kaifin sama ya dushe, gunjin ƙasa ya cakuɗe. Mai shago ya kwafa daga kwafi, wani ya saya ya kwafa wa abokinsa, kafin a kai hawa na 5 ko na 6 muryoyin 'yan amshi sun narke sun zama guguwa, ba a rarrabe kalma, kotso kuma ya koma kamar ana dukan kwali. Abin da yakan tsira shi ne muryar jagora kaɗai, domin ita ce mai kaifi. Ga makaɗin da shi kaɗai yake ɗauke da waƙarsa wannan hasara ce mai sauƙi. Ga Ɗanƙwairo kuwa, wanda rabin maganarsa a bakin yaransa take, rabin waƙar ne ya tafi.

Ba nan kaɗai matsalar ta tsaya ba. In batirin rikoda ya yi sanyi lokacin ɗauka, tef yakan yi tafiyar hawainiya, in an zo saurare da na'ura mai lafiya sai waƙar ta yi gudu, murya ta haye sama. Mutumin da muryarsa siririya ce tun asali, in an ƙara mata wannan sai ta koma ta ƙaramin yaro, kiɗan sarauta mai takun ƙasaita kuma ya koma na gaggawa. Ƙananan rikodoji da yawa suna da wata dabara ta daidaita ƙara da kansu, da zarar kotso ya buga da ƙarfi sai su danne komai, murya ta nutse ta sake tasowa. Kaset mai minti 60 kuwa minti 30 ne a gefe, in tef ya ƙare a tsakiyar ɗan waƙa nan waƙar ta ƙare, mai kwafi ba ya komawa. Da zamanin CD da wayar hannu ya zo, waɗannan kasusuwan ne dai aka juye cikin kwamfuta, da aibinsu da komai. Tura waƙa daga waya zuwa waya ba ya rage mata komai, amma matse ta domin ta yi ƙanƙanta a memori yana ragewa, kuma sau da yawa an matse ta ba sau ɗaya ba. Waɗansu masu ɗura waƙoƙi, da nufin gyara, sukan ƙara mata amsa-kuwwa, ko su sa kwamfuta ta share shuuu ɗin tef da ƙarfi har ta haɗa da numfashin mawaƙan.

Yana da amfani a dubi yadda waɗansu suka yi da nasu. A ƙasar Ingila akwai ƙungiyar mawaƙan nan ta Beatles, samari 4 da suka yi tashe a zamani ɗaya da waƙoƙin Sardauna, suka watse a 1970. Kamfanin EMI ne ya ɗauki waƙoƙinsu, yawanci a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan, shi ne kuma kamfanin da reshensa na Nijeriya ya buga fayafayan waɗansu mawaƙan Hausa. Tef ɗin asali na Beatles yana ajiye, an san ranar da aka ɗauki kowace waƙa da wanda ya riƙe na'ura. A 1987 aka fitar da su a CD, a 2009 aka koma kan tef ɗin asali aka sake fitar da su bayan aikin shekara 4, har da kundi na musamman mai sautin lasifika ɗaya, domin masu cewa shi ne wanda mawaƙan suka zauna aka haɗa a gabansu. Masoyansu suna ta gardama a kan wane bugu ya fi wane, amma gardama ce ta masu abin hannu, tun da uwar tana nan ana iya komawa gare ta.

Lamarin Ɗanƙwairo ya sha bamban ta wata fuska da ta wuce rashin ajiya. Waƙar baka ba ta da uwa guda. Abin da ya rera a ɗakin rediyo a Kaduna da abin da ya rera a ƙofar fadar Tsafe ran hawan salla suna iya zama waƙa ɗaya, gindi ɗaya, amma ɗiyan su bambanta. A nan ya ƙara wani da ya yi masa kyauta, a can ya sauke wani da ya rasu, a wani wurin ya tsawaita zambo domin wanda ake yi dominsa yana cikin taron. Duka biyun na asali ne. Saboda haka mai neman waƙar Ɗanƙwairo ba waƙa yake zaɓa ba kawai, ranar da aka rera ta yake zaɓa. Ta ɗakin rediyo ta fi tsabta, an jera mawaƙa daidai da makirufo, ana jin kowa. Ta filin fada tana da kururuwar sanƙira da guɗa da haniniyar dawaki, wani lokaci makirufo ya yi nisa, amma a nan ne ake jin makaɗin yana kallon idon ubangidansa. Mai hankali ba zai yar da ɗaya don ya sami ɗaya ba.

To, da me za a gane kwafi mai kyau? Gwaji na fari 'yan amshi ne. A saurari inda jagora ya saki magana suka karɓa: in ana jin kalmominsu ɗaya bayan ɗaya har ana iya rubutawa, kwafin yana kusa da tushe, in kuwa sai an yi canke, ya yi nisa. A nan mutanen Boɗinga da Shagari da sauran ƙasar Sakkwato sun fi kowa kunne, domin harshen waƙar nasu ne. Ɗanƙwairo sunka da anka da munka yake cewa, ba suka da aka da muka ba, wanga yake cewa ba wannan ba, Tsafe kuwa Tsahe ce a bakinsa. Irin ɗaurin baƙin nan na yaz zo da yat tafi shi ne farkon abin da gurɓataccen kwafi yake haɗiyewa, har mai rubuta waƙar da bai tashi da wannan karin harshe ba ya rubuta abin da ba a faɗa ba. Bayan haka a saurari kotso, a ji ko akwai zurfin nan na ƙasa tare da taɓin yatsu, ko kuwa ƙwas-ƙwas ne kawai. A kuma lura da takun waƙar, domin kiɗan sarki ba ya gudu. Kwafin da yake da ɗan shuuu amma muryoyi suna da jiki ya fi wanda aka wanke tas ya koma kamar ana waƙa a cikin tulu. Tsawo ma shaida ne: in an sami waƙa ɗaya kashi biyu, wannan minti 7 wancan minti 18, ba a bukatar malami ya faɗi wadda aka yi wa kaciya.

Wanda yake son ya san mutumin ba zai wadatu da waƙa ɗaya ba. Waƙoƙin Sardauna, waɗanda duk an yi su kafin 1966, su ne muryarsa tana kan ganiyarta, kuma a nan ake jin yadda ya ɗinke sarauta da siyasa. Ta Yandoton Tsafe ita ce ta nuna shi a matsayin makaɗin gida, mai zuga da zambo ba tare da jin nauyin kowa ba. Ta Sarkin Daura tana nuna yadda yake shiga tarihin masarautar da ba tasa ba ya zauna kamar ɗan gari. Waƙoƙin noma, waɗanda samari sukan tsallake domin babu sunan babban mutum a kansu, su ne tushen duka. Na ƙarshen rayuwarsa kuwa muryar ta ɗan sassauta, yaran sun ɗauki kaso mafi girma na aikin, amma ginin bai motsa ba. Sai dai a yi hattara da sunan da aka rubuta a kan waƙa a waya ko a intanet. 'Ya'yansa da jikokinsa sun gaji kotso, suna rera waƙoƙinsa, wannan kuwa haƙƙinsu ne, haka shi ma ya gada. Amma sau da yawa akan liƙa wa nasu sunan tsohon, kamar yadda akan cakuɗa nasa na farko da na Kurna, akan ma jingina masa waƙar wani makaɗin kotso dabam.

Rubutattun matanin waƙoƙinsa suna nan a littattafai da kundayen jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya, amma takarda ba ta riƙe murya. Tef kuwa yana da ajali. Zafi yana sa shi ya manne, laima tana kawo masa fumfuna, ƙurar hunturu tana cin fuskarsa, na'urorin da suke juya manyan tef ɗin kuma kamfanoni sun daɗe da rage ƙera su, masu gyaransu suna ta ƙarewa. Abin da yake ɗakunan ajiyar Rediyon Tarayya na Kaduna da Rediyon Rima na Sakkwato, da abin da ya kamata cibiyoyi irin su Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da Gidan Arewa su nema su tara, aiki ne da ba ya jiran kasafin baɗi. Haka kuma ba gwamnati kaɗai take da kaya ba. A cikin akwatin wani tsohon direba a Shagari, ko adakar wani tsohon ma'aikacin En'e a Boɗinga, akan sami kaset da aka ɗauka kai tsaye daga rediyo ko a gaban makaɗin kansa, hawa ɗaya tak daga bakinsa. Irin wannan ya fi abin da yake yawo a wayoyi dubu. Wanda ya gaji irinsa ya fara ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset ɗin domin kada wani ya ɗauki wa'azi ko labarai a kansa, ya raba shi da rana da lasifika, ya nemi rikoda mai lafiya a juye shi cikin kwamfuta ba tare da an matse ko an wanke ba. Sa'an nan, tun dattijon da ya ɗauka yana da rai, a tambaye shi garin da aka yi waƙar, da shekarar, da sarkin da aka yi wa, da sunayen waɗanda suka yi amshi a ranar, a rubuta a jikin kwalin.